Shin kallon kwamfuta yini guda yana kashe ido?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 42, aikin lissafin kuɗi nake yi, nakan shafe awa takwas ko tara a gaban kwamfuta, idan na koma gida kuma waya ce a hannuna har in kwanta. Kwanan nan da yamma sai idanuna su riƙa yaji suna zubar da hawaye, rubutu ya koma dishi-dishi, ga ciwon kai da na wuya. An ce in sayi tabarau mai tare shuɗin haske. Zai yi mini amfani? Kada dai makanta ce take tafe?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, hasken kwamfuta ko na waya ba ya makantar da mutum. Abin da kika bayyana gajiyar ido ce da bushewarsa, kuma duka biyun suna sauƙi idan aka gyara yadda ake aiki.

Mutum a zaune haka nan yakan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Kowane ƙiftawa yana shafa siririn ruwan hawaye a fuskar ido, wanda shi ne ke sa idon ya kasance da danshi kuma gani ya fita tas. Da zarar an ƙura wa allo ido, ƙiftawar takan ragu da rabi ko fiye, wadda ake yi ma sau da yawa fatar idon ba ta rufewa gaba ɗaya. Sai ruwan ya bushe, yaji ya taso. Hawayen da kike gani suna zuba kuwa, bushewar ce ta jawo su: ido ya ji raɗaɗi, sai ya kwararo ruwa da yawa lokaci guda, ruwan da ba ya zama. Idan fanka ko iyakwandishan na hura miki iska a fuska, abin ya ƙara tsananta.

Sai batun dishi-dishi. A cikin ido akwai wata 'yar tsoka da ke matsewa duk lokacin da za a kalli abu na kusa. Awa takwas tana matse, kamar wanda ya dunƙule hannu tun safe bai buɗe ba, dole da yamma ta gaji. A nan ne shekarunki suka shigo. Daga wajen shekara 40, madubin da ke cikin ido yakan fara tauri, karanta ƙananan rubutu ya fara wuya. Wannan yana samun kowa, ko da bai taɓa ganin kwamfuta ba. Ina kyautata zaton shi ne rabin matsalarki, don haka ki je a auna idonki. Ki kuma gaya wa mai awon tazarar da ke tsakaninki da allon, domin gilashin karatu da na aikin kwamfuta ba lallai ƙarfinsu ya zama ɗaya ba.

Tabarau mai tare shuɗin haske kuwa, ni ba na ba da shawarar a saye shi don gajiyar ido. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ba ta goyi bayansa ba, kuma wani babban nazari na Cochrane, wata ƙungiya mai tace binciken lafiya, da ya fito a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, bai sami hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Shuɗin hasken da ke fitowa daga allo bai kai ko kusa da wanda ke cikin hasken rana ba. Masu sayarwa dai sun iya talla.

Abin da ke aiki ba ya buƙatar saye. Duk bayan minti 20, ki ɗauke idonki ki kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ki ƙifta sosai. Allon ya kasance nesa da ke kamar tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70, samansa daidai da idonki ko ƙasa kaɗan. Ki ƙara girman rubutu maimakon ki miƙa wuya, kuma haskensa ya yi daidai da na ɗakin. Idan bushewar ta ci gaba, akwai maganin ɗigawa na hawayen roba. Amma ki guji masu cire jan ido, musamman masu sitiroyid, sai likita ya rubuta, domin suna iya jawo hawan jinin ido.

Gaskiya abin da ya fi damuna a tambayarki ba idon ba ne, zaman ne. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5, kuma duk sunkuyar da shi gaba, nauyin da wuya ke ɗauka yana ninkuwa. Daga nan ciwon wuya, kafaɗa da wani ɓangare na ciwon kan suke. Dogon zama kullum kuma yana da alaƙa da ƙiba, ciwon suga da ciwon zuciya. Ki riƙa miƙewa duk rabin awa ko awa ɗaya ki taka, ko da minti biyu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako.

Wayar dare ma ki rage. Haske da daddare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo barci, abin da ake kallo kuma yana hana ƙwaƙwalwa lafawa. Ki ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya. Idon da bai sami barci ba da yaji yake wayar gari.

Idan kuma kin ga ganinki ya ragu farat ɗaya, ko kina ganin abu biyu-biyu, ko walƙiya da ɗigo-ɗigon baƙi masu yawa, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, wannan ba aikin kwamfuta ba ne, ki ga likitan ido a ranar. In kina da ciwon suga ko hawan jini, a riƙa duba bayan idonki duk shekara ko da ba kya jin komai.