Mercedes-Benz C43 ko C63 S, wacce ta dace da mai bin hanyar Gombe zuwa Yola?

Tambaya: Salam oga. Ina zaune a Gombe, harkar kasuwanci tana yawan kai ni Bauchi da Yola. Zan rabu da C300 ɗina, dila ya turo min C43 da C63 S duka 2017, tokumbo. Gaskiya zuciyata na kan 63 ɗin saboda ƙararta. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka. In dai ita ce motar da za ka riƙa hawa kullum, C43 za ka ɗauka.

Bodinsu kusan ɗaya ne, samfurin da Benz ke kira W205, babban bambancin yana cikin bonet. C43 ta 2017 fulogi shida ce, lita 3.0 da turbo biyu, doki 362, giya tara, kuma tana ja da taya huɗu wato 4MATIC. C63 S kuma fulogi takwas, lita 4.0, doki 503, giya bakwai, amma duk ƙarfin nan tayoyin baya kaɗai ake juye wa. Injinta mutum ɗaya ne yake haɗa shi da hannu a Affalterbach can Jamus har ya sa hannu a wani ɗan faranti a kan injin, kuma ƙarar nan da ta tafi da kai wallahi ban ga laifinka ba, duk mai son mota in ya ji ta sai ya waiga.

To amma ina za ka taka ta? Daga tsaye zuwa gudun 100, 63 S tana yi a sakan 4.0, 43 kuma 4.7, wannan ɗan bambancin ba za ka taɓa morarsa ba a hanyar da tirela ke gabanka, ɗan acaɓa na gefenka, ga shanu na tsallakawa wajen Kumo ko Kaltungo. Abin da za ka ji a jikinka shi ne damina, in ruwa ya kwaso yashi ya zuba kan kwalta ka ɗan danna totur a kwana sai bayan 63 ya nemi wuce gaba, ita ko 43 tana riƙe ƙasa saboda tayoyin gaba ma suna ja. Wannan kaɗai ya isa in hana ka 63 ɗin tunda da iyali za ka riƙa tafiya wani lokacin.

Sai maganar kuɗin riƙo, nan ne mutane suke kuka daga baya. 63 S da rim 19 take zuwa, taya siririya, rami ɗaya mai kyau sai taya ta kumbura ko rim ya tsage, kuma tayoyin baya ba sa daɗewa don cin su take yi. 43 ma ba wai doguwa ba ce, ita ma tana da tauri fiye da C300 ɗinka, don haka nemi mai rim 18. Injin 43 dangin M276 ne, irin na C400 da E400 da GLE 43, makanikan Benz sun saba da shi, kayansa in ba a samu a Kano ba, to za a samu a Apo da ke Abuja ko Ladipo da ke Legas. Na 63 sau da yawa sai an yi oda daga waje, motar na fake kana jira. Duka biyun fetur mai kyau suke so, amma 63 ta fi shan mai nesa ba kusa ba, kuma turbo ɗinta a tsakiyar injin suke, ka haɗa wannan da zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ka ga dole lagireto da fanka su kasance lafiya ƙalau kullum. Baƙin mai kuma kar ka yarda a zuba maka kowanne, sai mai lambar MB 229.5.

In kuma ka dage sai fulogi takwas, kuma kana da wata motar ta tafiye-tafiye, nemi C63 marar S mai doki 469, ta ishe ka. Ka duba birki, in ka ga kalifa ruwan tagulla to na seramik ne, canjinsa kuɗi ne masu ciwo.

Kafin ka tura ko sisi ka karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, ka bincika, don da yawa daga gwanjon Amurka ake kwaso su bayan hatsari ko ambaliya, wasu ma C300 ce aka sa wa bamba da tambarin AMG, wato sashen Benz mai ƙera motoci masu ƙarfi irin C43 da C63. A buɗe bonet a gabanka, a sa mata kwamfuta, sannan ka ga takardun kwastam da idonka.