Inji ya buga, direba ya rantse kullum yana duba mai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gini, ina da motoci biyu na kai wa masu saye kaya. Ɗan yayata ne ke tuƙa ɗaya. Watan jiya injinta ya buga a hanya, bakanike ya ce rashin baƙin mai ne. Yaron ya rantse kullum da safe yana dubawa, kuma kusan kowane mako ina ba shi kuɗin lita ɗaya ta ƙari. Kuɗin wani injin ya kai ribar da motar ke kawowa ta wata 5. Wani abokina ya ce in ci bashi in gyara ta, in ƙara ta uku, wai cikin wata 6 za ta mayar da kuɗinta. In kori yaron ne, ko in bi shawarar abokina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin in taɓa tambayoyinka, ga tawa: daga juyen mai na ƙarshe zuwa ranar da injin ya buga, lita nawa aka zuba wa motar nan, kuma ta yi tafiyar kilomita nawa? Wasiƙarka ba ta faɗa ba, kuma na tabbata ba ka da amsar. A nan asararka take. Ka damƙa wa yaro dukiyar da ke ciyar da gidanka, shaidarka kaɗai kan lafiyarta ita ce "Kawu, na duba". Buhun siminti ɗaya ba ya fita daga shagonka sai an rubuta, amma ka yi watanni kana biyan kuɗin mai ba ko layi ɗaya a takarda.

Mu yi lissafi da abin da ka bayar. A ce motar tana yin kilomita 500 a mako, kana biyan lita 1 a mako. Wato lita 2 a kowane kilomita 1,000. Kamfanonin mota da suka fi sassauci suna rubuta rabin lita zuwa lita 1 a kilomita 1,000 a matsayin iyakar abin da inji zai iya sha, lafiyayyen inji kuwa ba ya ko kusantar wannan. To ɗayan biyu ne. Ko dai kuɗin nan ba ya zama mai, yana tsayawa a aljihu, ko kuma injin ya daɗe yana ƙona mai ko yana yoyo, kana biyan kuɗin cutarsa duk mako ba ka taɓa tambayar me ke damunsa ba. Ko wanne ne, littafi zai tona shi cikin wata ɗaya.

Kuma kada ka yi saurin cewa yaron ƙarya yake yi. Direbobi da yawa suna zare geji, wato dogon ƙarfen auna baƙin mai, kullum, suna kallonsa, suna mayarwa, ba su karanta komai ba. Zarar farko ba abin dogaro ba ce, musamman in injin ya yi aiki, domin mai ya fantsama ya shafe ƙarfen har sama. Mutum ya ga danshi ya wuce layi, ya ce a cike yake. Sai an goge ƙarfen tas da tsumma mai tsabta, an mayar da shi har ya zauna ƙarshe, an sake zarewa, sannan ake karatu. A duba fuska biyun ƙarfen. In suka saɓa, wadda ta nuna ƙasa ita ce gaskiya, ɗayar ta gogi bangon bututu ne wajen fitowa. A riƙe shi a kwance ko bakinsa na kallon ƙasa, domin in aka ɗaga bakin sama mai zai gangaro ya ƙara wa kansa tsawo.

Sai wurin da motar ta tsaya. Mai yana kwance ne a kaskon da ke ƙasan inji, in motar ta karkata shi ma ya karkata. Motar da ke kwana da hancinta a gangare, ko taya biyu a kan tudu, za ta riƙa ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma kullum ba daidai ba. Je ka dubi inda motocinka ke kwana, wataƙila daga nan aka fara. Lokaci ma haka: da safe kafin a tayar da inji ya fi sauƙi, in kuma ta yi tafiya a ba ta minti 5 zuwa 10 mai ya sauko. Littafin da kamfani ya haɗo da motar yana faɗin wanda ya fi so. Abin da nake so da kai shi ne wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum, don a iya kwatanta na yau da na jiya.

Na san wata hajiya mai motar haya da ta sha wannan ta ɗaya gefen. Direbanta mutumin kirki ne, mai tsoron kada a ce ya yi sakaci. Da ya kashe mota sai ya zare geji nan take, mai bai gama saukowa ba, ya ga ya yi ƙasa, ya ƙara. Tsakanin layin ƙasa da na sama a yawancin ƙananan motoci kusan lita 1 ne kacal, a injin da gaba ɗaya yake cin lita 4 zuwa 5, don haka ƙari biyu ko uku sun isa a wuce gona da iri. Man ya yi yawa har ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji yana dukansa yana kumfa, kumfa kuwa ba ta shafa ƙarfe yadda mai ke yi. Robobin da ke tare mai suka fara zuba, hayaƙi ya koma shuɗi. Ta biya kuɗin man, ta biya kuɗin ɓarnar da man ya yi.

Wani ɗan kasuwa kuma har alfahari yake min wai motarsa ta dizal ba ta shan mai, ƙaruwa ma yake yi. Mai ba ya haihuwa. Dizal ne ke tsiyaya cikinsa yana tsinka shi, da ya shinshina gejin da ya ji. Mai da ya ƙaru da kansa, ko ya koma fari-fari kamar an dama shi da ruwa, alamar wani abu ne ke shiga inda bai kamata ba, kuma ranar bakanike ce, ba ranar lodi ba. Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne, injin dizal yana baƙanta sabon mai cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma masu jiran jar fitilar mai ta kama kafin su duba. A yawancin motoci fitilar nan ƙarfin bugun mai take aunawa, ba yawansa ba. In ta kama ana tafiya, an riga an fara cin ƙarfe, sai a gangara gefe a kashe inji nan take. Ka tambayi ɗan naka ko ta kama a ranar, da kuma nisan da ya yi bayan ta kama.

Batun kora. A kan wace hujja? Yau ka kore shi, gobe yayarka ta zo, ba ka da abin nuna mata sai zato. Wannan ne ya sa nake cewa ɗan'uwa ya fi bare bukatar littafi, domin bare kana iya tsare shi da tambaya, ɗan yayarka kuwa kunya za ta rufe maka baki har inji ya mutu. Ka kira shi gaban ɗaya motar, ka ce ya duba mai kamar yadda ya saba, ka yi shiru kana kallo. Cikin minti biyu za ka san ko rashin sani ne. In rashin sani ne, laifinka ne da ka ba shi makulli ba ka gwada shi ba.

Daga nan doka ɗaya ga direbobin biyu. Ƙaramin littafi a kowace mota: kwanan wata, kilomita, inda mai ya tsaya a geji, abin da aka ƙara. Kuɗin mai ya daina bi ta hannun direba. Kai za ka sayi galan, ya zauna a shago, a zuba a gabanka ko gaban yaron shagonka, rabin lita a lokaci guda, a jira, a sake aunawa. Sau ɗaya a mako ka zare gejin da hannunka. Ranar da ba ka nan a turo maka hoton geji da na mitar kilomita ta waya. Duk wanda ya ce wannan rashin yarda ne, ko ya fara mantuwa da littafin sati biyu a jere, ka samu hujjar da za ka nuna wa uwarsa.

Maganar abokinka ta wata 6 kuwa, na gaji da jin irinta. Lissafi ne da ake yi a baki, inda mota ke samun lodi kullum, taya ba ta fashewa, inji ba ya tsufa, mai bashi kuma ba ya zuwa. Naka lissafin na gaske ya nuna buguwa ɗaya ta cinye wata 5. Mutumin da bai san abin da motoci biyu ke sha ba, in ya ƙara ta uku da kuɗin bashi, ramin da kuɗinsa ke zurarewa ya faɗaɗa. In abokin ya yarda da lissafinsa, ya sa kuɗinsa mana.

Gyara wadda ta tsaya, tunda ita ke kai kayanka. In injin hannu za ka saya, ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai sayarwa kafin ka biya duka, a zuba sabon mai da sabuwar filta, a rubuta kilomita a ranar da aka ɗaura shi. Bayan kilomita 1,000 littafin zai gaya maka irin injin da aka sayar maka. Ka kawo min littafin wata 3 na motocin biyu, sannan mu yi maganar ta uku.