Ƙanena yana buga wa jami'a ƙwallo a Amurka, ya karɓi kuɗin tallan da aka yi masa tayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya samu gurbin karatu kyauta a wata jami'a a Texas, yana buga musu zari-ruga irin ta Amurka, da bizar ɗalibi ya tafi. Wani da yace shi ejan ne ya neme shi a WhatsApp wai zai haɗa shi da wani dilan motoci ya yi musu talla a Instagram kan dala 3,000, yace ai tun 2021 aka halatta. Hajiyarmu ta matsu ya sa hannu saboda halin da ake ciki a gida, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Ya karɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kira shi yau ɗin nan kace kar ya sa hannu a komai tukuna.

Ejan ɗin ya faɗi rabin gaskiya ne. Eh, daga 1 ga Yulin 2021 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta bar 'yan wasan jami'a su ci kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake ce wa NIL, bayan ta sha kaye a Kotun Ƙoli a shari'ar Alston inda duka alƙalai tara suka ƙi goyon bayanta. A Yunin 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wata ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya ba jami'a da kanta damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ta 2025-26.

Toh amma wa ya ba ƙanenka biza, NCAA ce? Wannan ita ce tambayar da na gaji da maimaitawa, kusan kullum sai wani ya zo min da "ai an halatta", kamar izinin hukumar wasanni shi ne izinin hukumar shige da fice. Bizar ɗalibi, wato F-1, ta karatu ce. Aikin da ta yarda da shi shine na cikin makaranta, awa 20 a sati lokacin da ake zangon karatu, na waje kuwa sai da izini na musamman kuma galibi sai ya shafi fannin da yake karanta. Ɗaukar bidiyo a garejin motoci, ɗora shi a Instagram, zuwa taro ana ɗaukar hoto da shi, duk wannan aiki ne da aka biya shi ya yi a cikin ƙasar Amurka, ko a asusun Najeriya aka zuba kuɗin bai canza komai ba tunda ana duba inda aka yi aikin ne. Abokin wasansa ɗan Amurka zai yi tallan nan lafiya lau, shi kuwa in maganar ta fito za a iya rufe masa rajistarsa ta SEVIS, wato kundin da gwamnati ke ajiye bayanan ɗalibai baƙi, karatu ya tafi, ƙwallo ta tafi, kuma duk ranar da ya sake neman biza sai an taso da ita. A kan dala 3,000 fa.

Abin da ya fi ɓata min rai shine hukumomin Amurka tun 2021 suka ce suna nazarin lamarin kuma suka bar yaran mutane cikin duhu, sai 'yan damfara suka samu ƙofa. Ka tuna Oscar Tshiebwe ɗan Kwango da ya yi wa Kentucky ƙwallon kwando, duk sunan da ya yi sai da ƙungiyarsu ta je Bahamas a 2022 sannan ya zauna ya yi tallace-tallacensa, saboda a can ba ya ƙarƙashin dokar bizar. Wanda yake da lauyoyi kenan ya bi a hankali haka, ina ga ƙanenka da wani baƙo a WhatsApp.

Shi ma ejan ɗin ka tambaye shi kashi nawa zai ɗauka. A NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallon, ejan ba ya wuce kashi 3 na kwantiragin wasa, a harkar NIL kuwa babu irin wannan iyakar a ƙasa baki ɗaya. Gervon Dexter na jami'ar Florida ya karɓi dala 436,485 daga wani kamfani a 2022 bisa sharaɗin zai ba shi kashi 15 na abin da zai samu a NFL har shekara 25, daga baya sai kotu ya garzaya. Sannan ɗan wasan jami'ar da ke rukuni na ɗaya na NCAA, duk cinikin da ya kai dala 600 dole ya shigar da shi a manhajar NIL Go a tantance, wanda duk yace "ba sai makaranta ta sani ba" ka san ba alheri yake nufi ba.

Gobe da safe ya je ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ya ga jami'in da ke sa hannu a I-20, takardar da makaranta ta ba shi ya nemi biza da ita, ya biya ta ofishin bin ƙa'ida na sashen wasanni, ya nuna musu saƙon yadda yake, ya nemi amsa a rubuce. In akwai hali lauyan shige da fice ya duba takardar. Hajiya kuma ka zauna da ita ka lallashe ta, ka nuna mata kuɗin makaranta da ɗaki da abincin da jami'ar ke ɗauke masa a shekara ɗaya sun ninka wannan tallan sau da yawa. Allah Ya tsare shi Ya buɗa muku ta hanyar da ba za ta jawo masa matsala ba.