Muryar da aka turo guruf: a buga wa kaset ɗin Neo Geo littafi ko a bar shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, tun la'asar aka ɗauke mana wuta, kuma maganar nan ta fi ƙarfin rubutu da ɗan yatsa.

To ƙanena, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce ka samo kaset uku na Neo Geo, tsohon injin wasan bidiyon nan, tsirara, ba kwali ba takarda, kuma akwai wani da zai tsara maka littafin bayani mai launi ya buga, har da akwatin roba, kana tambayar ko abin ya kai a kashe masa kuɗi. Ni fa abin da kunnena ya jiyo daban ne. So kake ka ji ko littafin zai ɗaga farashinsu ranar da za ka sayar. Ai na san halinka. To ba zai ƙara musu ko sisin kwabo ba.

Duba hoton da ka turo da kyau. Waɗannan MVS ne, na injin gidan wasa, irin wanda ake jefa wa kwandala. Kamfanin SNK na Japan, da ya fito da Neo Geo a 1990, kashi biyu ya yi shi: MVS na masu sana'a, AES na gida. Wasan iri ɗaya, amma bakin kaset ɗin ya bambanta, na wannan ba ya shiga injin wancan sai da mahaɗi. Na gidan nan kuwa, na 'ya'yan masu hannu da shuni ne, don a Amurka kusan dala 650 aka sa wa injin, kaset ɗaya kuma dala 200 zuwa sama. Shi ne ke zuwa da akwati mai kyau da littafi a ciki. Shi MVS fa? Mai gidan wasa ake kai wa, a kwalin banza mai ruwan ƙasa. A ciki akwai kaset, da ɗan allon hoto da ake saƙalawa a goshin inji, da sitika mai nuna yadda ake danna maɓallai, da takardar saiti ta mai shago, inda zai zaɓi wahalar wasa da yawan rai. Shi ke nan. Ka ga ke nan littafin da ake son buga maka, kaset ɗinka bai taɓa mallakar irinsa ba tun fil azal. Ba abin da ya ɓata kake mayarwa ba, sabuwar riga kake ɗinka masa.

Kuma masu saye na gaske sun san wannan sarai. Abin da ke sa su buɗe jaka shi ne cikakken kunshin asali, lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da lambar da ke jikin kaset. Duba naka na tsakiya, an kankare lambar ma. Haka da yawa suke, ba laifinka ba ne.

Sannan wai Metal Slug, wasan sojojin nan na harbe-harbe, za a yi wa littafi? Haba ƙanena. Maɓallin A harbi, B tsalle, C gurneti. Kana jefa kwandala wasan da kansa zai nuna maka wannan kafin a fara. Me za a cika shafi ashirin da shi?

Bari ma in ba ku labarin abin da ya sa raina ke ɓaci da zancen nan. Wasunku sun sha ji, to ku ƙara ji. Shekarun baya na ga Metal Slug ɗin farko, na 1996, wurin wani mai sayarwa a intanet, a ƙasar waje yake, ba zan kama suna ba. Hotuna kamar ka lashe. Akwati baƙi yana sheƙi, hoton bango tsaf, littafi mai takarda mai santsi, an shimfiɗa su a kan farin ƙyalle. Hoton cikin kaset kuwa babu ko ɗaya, ni kuma ban tambaya ba, ido ya riga ya rufe. Na biya, aka aika gidan wani abokina, na jira wata biyu kafin ya taho da shi a jakarsa. Ranar da ya iso, wallahi sai da na wanke hannu kafin in buɗe littafin. Har ƙamshin sabuwar tawada yake, ni sakarai ban ma tsaya na tambayi kaina yaya takardar da ta shekara fiye da ashirin za ta yi ƙamshin sabo ba.

Sati uku yana aiki lafiya. Rannan sai layuka suka fara ratsa jikin sojojin, daga sama har ƙasa. Na goge bakin kaset ɗin, na mayar, suna nan. Na ɗauko sukudireba na buɗe. Kun san allon lantarki biyu ne a cikin kaset ɗin MVS, ɗaya an rubuta PROG, ɗaya CHA, kuma na asali za ka ga sunan SNK a jiki, ƙwayoyin da ke kan allon, waɗanda wasan ke ajiye a ciki, kuma ɗauke da lambar wasan, ta Metal Slug 201 ce. Nawa? Babu SNK, babu 201. Ƙwayoyi masu 'yar tagar gilashi an liƙe su da farar takarda, an rubuta lamba da biro, ga wata jar waya an ja ta daga nan zuwa can da dalma kamar gyaran rediyon bakin titi. Na tura wa mutumin hoto, sai ya ce wai ai shi bai taɓa cewa na asali ba ne, ya dai ce "mai kyau". Na sake magana, ya toshe ni. Mai kyau! Har yau littafin yana durowata, kyakkyawa da shi, kaset ɗin kuwa ya mutu murus.

A'a, tsaya, kada in ɗora ku a kan kuskure. Ganin ƙwaya ɗaya mai taga ba ya nufin jabu ne kai tsaye, akwai na asali da suka fito da ɗaya ko biyu haka, ko aka yi musu gyara daga baya. Idan duka allon ne haka, kuma ba sunan kamfani, to nan ne magana ta ƙare.

Abin ma ya fi muni a ɓangaren AES. Metal Slug na gida dubban daloli ake sayensa, shi ya sa wasu ke cire ƙwayoyin MVS su dasa a allon wani kaset ɗin gida mai araha, su buga sabon bango da sabon littafi, su kai kasuwa. Littafin bugun baya shi ne hular da ɓarawo ke sakawa ya shiga sahu. Saboda haka in har za ka buga, a rubuta a bayansa ƙarara cewa bugun baya ne, da shekarar da aka buga. Kai mai gaskiya ne, amma ba ka san hannu na uku da zai riƙe shi ba.

Yauwa, na ga wani ya rubuto yanzu cewa nasa rubutun Japananci ne a jiki, shi ya sa yake son littafin Turanci. Malam, takardar jiki ce kawai. Harshen wasan daga injin yake fitowa, ka sa kaset ɗin a injin Turai ko na Amurka zai yi maka Turanci. Wannan ba hujja ba ce.

Amma fa in gyara maganata kaɗan, don na yi zafi da yawa. Akwatin roban nan ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Da ƙurar hunturun Kano, kaset a buɗe a kan kanta, wata ɗaya bakinsa ya yi fari fat. Ka saya. Kuma ku daina hura masa iska da baki don Allah, danshi kuke zuba wa ƙarfen. Sifirit mai ƙarfi da audugar goge kunne, a bar shi ya bushe.

Kuma cikin ukun naka akwai King of Fighters '98, ko? To wannan kam yana son takarda. 'Yan dambe sun haura talatin, kowa da salonsa, sitika ɗaya ba ta ɗauke su. Sai dai ni da za ka ji tawa, da kanka za ka rubuta. Mu da muka tashi a gidan gem na unguwa, kan Sega da Mortal Kombat, littafin makaranta mai shafi 40 muke da shi, bango ya yi baƙi da man ƙosai. A ciki an rubuta: Scorpion, baya baya naushi. Sub-Zero, ƙasa gaba naushi, ƙanƙara ta fito. Shafin farko kuma A B A C A B B, maɓallan sirri da ke sa jini ya fito a Mortal Kombat na farko. Yaron da ke riƙe da littafin nan sarki ne, sai ka biya masa wasa ɗaya kafin ya bari ka leƙa, yana rufe rabin shafi da tafin hannu. Wani ma da gangan yake rubuta ƙarya a shafin ƙarshe saboda masu kwafa. Ni aka yi wa, na shafe sati ina danna abin da babu shi... to wannan wani labarin ne, mutumin yana cikin guruf ɗin nan, ya san kansa.

Ina nake ma? Yauwa. Terry Bogard na King of Fighters, ƙasa gaba naushi, wuta ta bi ƙasa. Ka rubuta su haka da Hausa, ka kai shagon buga takardu a yi maka lamineshin, ka ajiye kusa da inji. Yaranka ma za su karanta.

Kafin ka tura wa mai littafin nan ko naira ɗaya, gobe da safe ka buɗe ukun nan, a hankali, kada ka karya kunnuwan robar. Ka ɗauki hoton allunan gaba da baya a cikin hasken rana, yadda rubutun kan ƙwayoyin zai fito, ka turo nan mu duba tare. Na tsakiyan nan mai kankararriyar lamba shi na fi son gani. Mai ya kusa ƙarewa a janareta, sai da safe.