Amsa: pH bayan an haɗa HCl da NaOH

Ƙanena, ka ce an zuba mililita 25 na asid HCl mai 0,10 mol/L cikin mililita 15 na NaOH, wanda baz ne (kishiyar asid), mai 0,10 mol/L, kana neman pH, wato ma'aunin ƙarfin asid a ruwan. Amsar ita ce 1,60. Kada ka fara da pH ɗin kowanne, fara da mol. HCl ya kawo 0,025 × 0,10 = 0,0025 mol na H₃O⁺, NaOH ya kawo 0,0015 mol na OH⁻. Suna cinye juna ɗaya da ɗaya su zama ruwa, sai 0,0010 mol na H₃O⁺ ya rage. Raba shi da jimillar ruwan duka biyu, lita 0,040, ka samu 0,025 mol/L, sannan pH = −log 0,025 = 1,60. A wajen rabawar nan ɗalibai da yawa suke faɗuwa, su raba da lita 0,025 kawai, su manta ruwan ya ƙaru. Na⁺ da Cl⁻ kuwa ba ruwansu da pH.

Sharaɗi guda: in OH⁻ ne ya rage, nemo pOH tukuna (wato −log na mol/L ɗin OH⁻), ka cire shi daga 14. Amma 14 ɗin nan na digiri 25 ne. A zafin Afrilu na Maraɗi, ruwan da ya kai digiri 40 kusan 13,5 yake bayarwa, shi ya sa in asid da baz sun cinye juna daidai, na'urar awo za ta nuna maka wajen 6,8, ba 7 ba. A takardar jarrabawar BAC dai, riƙe 14 sai in an faɗa maka wani zafin daban.