Hukuncin kiwon kaji da tumaki a cikin gida idan maƙwabci ya koka kuma hukuma ta yi gargaɗi

Tambaya: Malam, ina zaune a gidan kaina a Bukoki, nan Yamai. Ina da kaji kamar ashirin da tumaki huɗu, kuma da su nake rufa wa iyalina asiri. Maƙwabcina ya kai kuka wurin mai unguwa kan wari da ƙudaje, jami'an tsabta kuma sun ce in daina sakin tumakin a titi, in kuma matsar da turken daga jikin bangonsa. Shin wajibi ne in bi su, alhali gidana ne kuma kiwo halal ne?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a abin da kake kiwo. Asalin kiwo halal ne, kuma ya tabbata a Sahihul Buhari cewa babu Annabin da Allah Ya aiko face ya yi kiwon tumaki, don haka babu mai raina sana'arka. Na kuma san gidaje da yawa a garin nan da ragon turke shi ne asusunsu, ana ba shi dusa da harawa wata da watanni, a sayar gab da Layya a biya kuɗin makaranta ko na magani.

Sai dai mallakar gida ba ta ba mutum damar cutar da wanda ke bayan bangonsa ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta kuma babu cutarwa, kuma a kan wannan ne malamanmu na Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Shehu Halilu ya ambata a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa alƙali yana hana hayaƙi mai cutarwa, da wari irin na majema, da abin da ke lalata bangon maƙwabci, da kafa bargar dabbobi daura da ƙofar wani. Mas'alarka tana cikin wannan babi kai tsaye. Bangon laka da fitsarin tumaki ke jiƙa shi safe da yamma yakan zaizaye daga gindi, har damina ta zo ta ƙarasa shi, kuma wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma kusa da akurkin da ba a sharewa cikin zafin watan Afrilu ya san abin da maƙwabcinka yake faɗa. Kada tsarkin kashin dabbar da ake cin namanta ya ruɗe ka, domin wannan hukunci ne na salla, bai hana abin ya zama cuta ga hancin mutum da lafiyar 'ya'yansa ba. Kaji ma kan ɗauko cuta, mun ga yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya a 2006.

Game da sakin tumaki, wasu na kafa hujja da hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke lokacin da raƙumar sahabi Barra'u ɗan Azib ta yi ɓarna a gonar wani, cewa masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, masu dabbobi kuma su biya ɓarnar dare. Wannan hukunci ne na ƙasar da ke da makiyaya kusa da gonaki. Titin Yamai ba makiyaya ba ne, hanyar motoci ce da babura da masu talla. Abin da nake rinjayarwa shi ne, idan tunkiyarka ta kayar da mai babur ko ta cinye kayan mai tebur saboda ka sake ta, biya yana kanka ko da rana tsaka ne.

Umarnin ma'aikatar magajin gari kuwa, muddin don tsabta da lafiyar jama'a aka yi shi kuma babu saɓon Allah a cikinsa, bin sa wajibi ne, bisa aya ta 59 a Suratun Nisa'i. Ba da cin hanci don jami'i ya kau da kai haramun ne. Idan kana ganin an matsa maka fiye da abin da doka ta ce, ka je ofishin gundumarku ka nemi a nuna maka rubutaccen umarnin.

Don haka ka matsar da turken daga bangon, ka ɗaure tumakin, ka kwashe taki kullum ka kai wa masu lambu ko ka sayar musu. Idan ka yi haka warin bai gushe ba, ka rage yawansu zuwa abin da tsakar gidanka zai ɗauka. Maƙwabcin kuma ba shi da ikon tilasta maka barin kiwo baki ɗaya saboda carar zakara ko kukan tunkiya, domin wannan yana cikin abin da al'adar garinmu ta saba jurewa. Wallahu a'alam.