Namiji cikin kayan mata a tsoffin fina-finai: akwai lauje cikin naɗi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsoffin fina-finan Amurka da namiji ke shigar mata, ko mace ta yi shigar maza, suna ɗauke da wata ɓoyayyar manufa. A ganina akwai waɗanda aka yi ɓoyo a cikinsu, amma idan ka yi musu kuɗin goro za ka zalunci da yawa.

Fara da duba shekarar fim ɗin. A watan Yulin 1934 ne aka soma aiki da dokar tace fina-finai ta Hollywood gadan-gadan, ƙarƙashin Joseph Breen. Kafin nan ba a cika ɓoye abubuwa ba. Marlene Dietrich ta sa baƙar kwat ɗin maza da doguwar hula a Morocco na 1930, ta sunkuya ta sumbaci wata mata a gaban jama'a. Bayan 1934 kuwa, sai an kai rubutaccen labari ofishin Breen kafin a kunna kyamara, a bi shi layi-layi, a mayar da wasiƙa cewa a cire nan, a sauya can. Dokar ta hana ko da nuni zuwa ga luwaɗi da maɗigo. Daga nan marubuta suka koma zance da kurman baƙi. Fim ɗin Rope na darakta Hitchcock, 1948, misali ne: ba a faɗi komai ba game da alaƙar samarin nan biyu masu zama gida ɗaya, amma marubucin, Arthur Laurents, ya tabbatar daga baya cewa da gangan aka gina ta haka. To ka ga ko kayan mata babu a fim ɗin.

Sai ka duba dalilin shigar a cikin labarin. A Some Like It Hot na 1959, makaɗa biyu ne suka ga kisan 'yan daba a Chicago, suka ɓuya cikin ƙungiyar makaɗa mata don tsira da rai. Labarin ma aro ne daga wani fim ɗin Jamus na 1951, shi kuma daga na Faransa na 1935. Ana yawan cewa rashin kala wata dabara ce, alhali kwalliyar fuskar Jack Lemmon da Tony Curtis, waɗanda suka fito a matsayin makaɗan biyu, ce ta yi muni a gwajin kala, shi ya sa darakta Billy Wilder ya ɗauke shi fari da baƙi. Duk da haka ƙungiyar Katolika mai sa ido kan fina-finai ta yi suka a kansa, kuma tana da abin kamawa, domin ƙarshensa ya bar ƙofa a buɗe.

Wani lokaci kuma rashin 'yan wasa mata ne kawai. A Ingila mata ba su hau dandamalin wasan kwaikwayo ba sai 1660. A Indiya, darakta Dadasaheb Phalke bai samu macen da za ta fito a Raja Harishchandra na 1913 ba, sai wani saurayi, Anna Salunke, ya ɗaura sari ya zama sarauniya.

Inda ake yawan kuskure shi ne yanke hukunci da guntun bidiyon minti ɗaya. Kalli fim ɗin har ƙarshe, ka ga wa ya auri wa, kuma an tuɓe shigar ko ba a tuɓe ba. Sannan ka bi sawun kuɗi. Sylvia Scarlett na 1935, inda Katharine Hepburn ta aske gashi ta zama yaro, ya faɗi warwas a kasuwa, kamfanin RKO da ya shirya shi ya tafka asara.

Manufa ta hukuma kuwa takan bar takarda. A 1942 gwamnatin Amurka ta buɗe ofishin da ke karanta labaran fina-finai don tallata yaƙin duniya na biyu, takardunsa suna nan. Wasiƙun ofishin Breen ma an adana su fim-fim a ɗakin karatu na Margaret Herrick da ke Beverly Hills. Duk wanda ya ce maka wani fim shiri ne, tambaye shi me fayil ɗin fim ɗin ya nuna an nemi a cire, kuma me aka bari.